Wasiƙar Godiya ga Hukumar Gandun Cinque Terre ta Ƙasar Italiya

Zuwa ga mai girma shugaban hukuma da dukkan ma'aikatansa, a ofishinku da ke Manarola, lardin La Spezia.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ya aiki, ya kuma fama da jama'a? Allah Ya taimaka.

Ni Bahaushe ne mazaunin Janowa, na daɗe ina neman abincina a wannan ƙasa taku. Na rubuta wasiƙar nan da harshena, na kuma sa ta a bainar jama'a, domin 'yan'uwana da ke Italiya da masu niyyar kawo ziyara su san waɗanda suka cancanci godiya. Kowa ya ga hotunan gidajen nan masu launi-launi da suka maƙale a jikin dutse a gaɓar Bahar Rum, amma ba kowa ke tambayar wa ke ɗawainiyar hanyoyin ƙafar da ake tsayawa a kai a ɗauki hoton ba. Ku ne, kuma aikin ba ƙarami ba ne.

Ƙauyuka biyar ne a jere: Monterosso, Vernazza, Corniglia, Manarola da Riomaggiore, mazaunansu duka ba su wuce dubu huɗu da wani abu ba, baƙin da ke zuwa musu a shekara kuwa miliyoyi ne. Kafin jirgin ƙasa ya ratsa yankin a 1874, mutum ko dai ya bi teku ko ya bi sawu ta kan tudu. UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, aka kafa hukumarku a 1999, kuka gaji hanyoyin ƙafa da tsawonsu ya haura kilomita 120, ciki har da Sentiero Azzurro mai kimanin kilomita 12, wadda ta ɗinke ƙauyukan biyar ta bakin ruwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne katangun dutsen nan. Surukina ya zo mana ziyara daga Mubi, dattijo ne, manomi tun tasowarsa, kuma ba mutum ne mai son zaman ɗaki ba. Na kai shi ya taka tsakanin Corniglia da Vernazza. Mun ɗan wuce Prevo, inda hanyar ta fi tsayi, sai muka iske magina suna ta da wata katanga da ta zube a saman hanya. Baba ya ja ya tsaya, teku na shimfiɗe a hagunsa bai ko waiwaye ta ba. Ya zuba wa hannun babbansu ido. Mutumin zai ɗauki dutse ya jujjuya shi, ya gwada, ya cire, ya ɗan sare gefe da guduma, ya mayar har sai ya zauna daram. Manya a ƙasa, matsakaita a sama, tsakuwa ana cusa ta a baya, katangar kuma an ɗan kwantar da ita ta jingina da tudu. Babu siminti ko cokali ɗaya. Baba ya ce da ni, “Ka ga dalili? Ruwa zai sami ta inda zai fita, ƙasa kuma ta tsaya inda take.” Ya ce rabonsa da ganin irin wannan aiki tun da ya hau dutsen Sukur a ƙasar Madagali, inda su ma gonaki hawa-hawa ne, hanyoyinsu kuma shimfiɗe da dutse. Da na gaya masa Sukur ta shiga jerin UNESCO a shekarar da aka kafa hukumarku, daɗi ya kama shi, ya sa na faɗa wa maginin. Shi kuwa ya goge hannu a wando ya miƙa wa Baba.

Katangun nan, in aka haɗa tsawonsu, dubban kilomita ne, kuma kakannin mutanen wurin ne suka ɗora su da hannu cikin ɗaruruwan shekaru don su sami inda za su shuka inabi da zaitun da lemo. Su ne ke riƙe da tudun, tudun ke riƙe da hanya. Duk gonar da aka bari ba a nomawa, katangarta takan yi ciki ta fashe, ta danne ta ƙasa da ita, haka har ƙasa ta gangaro. Waɗanda muke Liguriya, yankin da ya ƙunshi Janowa da ƙauyukan nan, ba mu manta da ranar 25 ga Oktoban 2011 ba, lokacin da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya kwaso laka da duwatsu ya cika titunan Vernazza da Monterosso, aka yi asarar rayuka da dukiya. Shi ya sa na yaba da kuka gane cewa gyaran hanya daga gona yake farawa. Kuna taimaka wa manoma da duwatsun gini, ga kuma ƙananan jiragen nan masu bin siririn dogo guda ɗaya, da ke sauko da kwandunan inabi daga gangaren da ko jaki ba zai iya hawa ba. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai yi ƙorafin kuɗin katin shiga ba. Ni dai na biya da zuciya ɗaya.

Na gode kuma da kuke iya rufe hanya idan ta kama a rufe. Via dell'Amore, wadda ta haɗa Riomaggiore da Manarola, tsawonta kimanin kilomita ɗaya ne kawai, amma ita ce kowa ya fi nema. A Satumban 2012 duwatsu suka ɓallo suka jikkata wasu mata huɗu 'yan Ostareliya, aka rufe ta. Shekara goma sha biyu ana jira. An ɗaure fuskar dutsen da ragar ƙarfe, ma'aikata na lilo a jikin igiya, jirgi mai saukar ungulu na kai musu kaya, aka kashe sama da Yuro miliyan 20 kafin a sake buɗe ta a 2024. Ko da aka buɗe, sai da aka ƙayyade yawan masu shiga, kowa da lokacinsa, kuma ta ɓangare ɗaya ake bi. Na san akwai matsin lamba daga masu son a yi sauri, tunda kowace rana kuɗi ne, amma kuka fifita ran mutane. Haka ma duk ranar da hukumar yanayi ta yi gargaɗi mai tsanani kukan rufe hanyoyin, ku kuma sanar a shafinku da tashoshin jirgi tun da wuri.

Dokar takalmi ma ta yi. Tun 2019 aka hana hawa da silifas, tarar tana farawa daga Yuro 50 har 2,500. Wanda ya taɓa sauka kan matakalar da ke gangarawa Vernazza, mai santsi da rashin daidaito, ya san don kare lafiyarsa aka yi.

Sai mutuncin ma'aikatanku. Baiwar Allah da ke ofishin baƙi ta dubi furfurar Baba, ta bar abin da take yi ta buɗe mana taswira. Ta ce kada mu sa shi hawan matakalar Lardarina mai taki kusan 380 daga tashar Corniglia, mu shiga ƙaramar bas, katinmu ya biya. Ta ce mu faro daga Corniglia, tunda ƙauyen yana kan tudu mai tsayin mita 100, hawan zai ragu. Ta nuna mana inda za mu cika gorar ruwa. Da lokacin azahar ya yi a hanya, na tambayi mai duba kati a rumfarsa ko akwai inda za mu raɓa, ya nuna mana wani ɗan fili a ƙarƙashin zaitun inda ba za mu tare wa kowa hanya ba, ya koma bakin aikinsa. Baƙar fata a Turai ya san darajar irin wannan tarba, don haka nake faɗa da babbar murya.

'Yan'uwana masu shirin zuwa, ku sayi katin, ku fito da sassafe kafin rana ta take, ku bi alamar fenti ja da fari. Gonakin da za ku ratsa na mutane ne, kada a tsinki inabi ko lemo, kuma duk ƙyauren da kuka buɗe ku mayar ku rufe, don aladun daji aka sa shi.

Baba ya koma Mubi lafiya, ya kuma ɗora mini nauyin isar da gaisuwarsa ga maginan nan na kusa da Prevo, in har saƙon zai kai gare su ta hannunku. Allah Ya saka muku da alheri, Ya kare ma'aikatanku da ke hawa dutse kullum, Ya ba manoman yankin damina mai albarka.

Naku mai godiya,
Wani Bahaushe mazaunin Janowa