Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Bauchi Kan Kayan Taimakon Masu Buƙata ta Musamman

Mai Martaba Sarkin Bauchi, Dokta Rilwanu Suleiman Adamu,

Allah ya ja zamanin Sarki. Bayan gaisuwa da biyayya, mu guragu da makafi da kurame mazauna birnin Bauchi, tare da iyayen yara masu irin lalurarmu, muna kawo kukanmu gaban uban ƙasa.

Ranka ya daɗe, akan raba mana kekuna da sanduna lokaci zuwa lokaci, muna kuma godiya, amma rabon ba ya ɗorewa saboda babu wurin gyara. Yawancin kekunan da ake shigowa da su an ƙera su ne don daɓen siminti, saboda haka da zarar keke ya sha ramuka da yashin unguwa sai ƙaramar tayar gaba ta karye, a rasa mai kayan gyaranta, a jingine shi a zaure, magidanci mai sana'arsa ya koma rarrafe cikin taɓon damina. Na'urar taimaka wa ji ma da batirinta ya mutu sai yaro ya daina fahimtar malaminsa. Da yawanmu cutar shan-inna ce ta kama mu tun muna ƙanana, kuma sarakuna ne suka tsaya kan rigakafi har aka tabbatar da kawar da nau'inta na asali daga Nijeriya a 2020. Mu da ta riga ta taɓa muna nan da ranmu.

Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta bai wa gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara mashigarsu, wa'adin ya cika a 2024, amma har yau matakala ce ke tare mu a ƙofofi da dama.

Muna roƙon Mai Martaba ya sa baki wajen gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma domin a buɗe wurin ƙera da gyaran kekuna da sanduna da ƙafafun roba a cikin gari, a horar da masu walda da matasanmu su riƙe shi a matsayin sana'a. Muna kuma roƙon a umarci hakimai da masu unguwanni su haɗa hannu da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu wajen rubuta sunayen mabuƙata, a yi gangaren hawan keke a masallatan Juma'a da makarantu, sannan a rufe kwatocin hanyoyin da ke kaiwa kasuwannin Wunti da Muda Lawal.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Talakawanka masu biyayya,
Masu buƙata ta musamman na birnin Bauchi