Zuwa ga ɗana, kan tauraron da ya raina

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mahaifiyarka ta ce ranka ya ɓaci da aikin kammala digiri da aka ba ka a nan Katsina, wai an haɗa ka da tauraron da ido ma ba ya gani. Maganar ba ta yi mini daɗi ba.

Ka san Shi'ira, wadda aka ambata a aya ta 49 ta Suratun Najmi, Turawa na ce mata Sirius. Da hunturu, in hazo ya lafa, ka dubi kudu maso gabas bayan Isha'i, duk cikin taurari babu mai haskenta. To naka shi ne abokin tafiyarta, Sirius B. Ta fi shi haske kusan sau 10,000, amma kada wannan ya ruɗe ka. Zafin fuskarsa ya kai wajen digiri 25,000. Na Shi'ira bai cika 10,000 ba, ranar da ke gasa mu a watan Afrilu kuwa wajen 5,500 ne kawai. Ƙanƙanta ce ta dusashe shi. Girmansa kamar na duniyarmu ne, alhali nauyinsa ya kai na rana, har cokali ɗaya na jikinsa zai yi tan da dama. Makamashinsa ya ƙare tuntuni, garwashi ne da ya rage bayan wuta ta ci ta cinye, yana hucewa sannu a hankali.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka gano shi. A 1844 Bajamushe Friedrich Bessel ya lura Shi'ira ba ta tafiya a miƙe, tana ɗan karkacewa, sai ya ce lallai akwai wani abu mai nauyi da ke jan ta. Ya rasu a 1846 bai gan shi ba. Sai a 1862 Alvan Graham Clark ya hango shi a Amurka, yana gwajin sabon madubin hangen nesa. Awo na tsanaki ne ya riga ido da shekara 18, kuma wannan tsanakin nake so ka koya.

Don haka kada ka kwaso alƙaluma daga intanet ka jera. Ka ɗauki zafinsa da haskensa ka lissafo girmansa da hannunka, ka ga ko zai zo daidai da na littafi. Ka riƙa rubuta ma'auni a gefen kowace lamba, domin ko a awon zafi, ma'aunin Kelvin daban, na Celsius daban. Inda ya shige maka duhu, je wajen malaminka da ladabi, tambaya ba ta rage mutum.

In ka zo Daura hutu ka taho da takardun, ina so ka bayyana mini yadda Sirius B da Shi'ira suke zagaya juna cikin shekara 50. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka