Mawaƙanmu su duba yadda Berry Gordy ya riƙe haƙƙin waƙa

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya da ma'aikatanka baki ɗaya. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani bawan Allah ɗan Amurka mai suna Berry Gordy, wanda ya kafa kamfanin waƙa na Motown, saboda wallahi yaranmu masu shiga situdiyo a Tudun Wada da Rigasa da Kawo suna buƙatar su ji labarinsa.

An haife shi a Detroit a 1929, ya yi dambe, ya yi soja, ya buɗe shagon sayar da faifai ya karye, daga nan ya kama aiki a masana'antar haɗa motoci, yana kuma rubuta wa mawaƙi Jackie Wilson waƙoƙi. Waƙoƙin suna tashe amma abin da ke zuwa aljihunsa bai taka kara ya karya ba, kamfanonin da ke buga faifan su ke kwashe riba. Shine a Janairun 1959 ya ranci dala 800 daga asusun da danginsa ke tara kuɗi, kamar dai adashen gida, ya buɗe Tamla, wanda ya zama Motown a 1960. A wani ɗan gida ya fara, situdiyo a ƙasa shi da iyalinsa a sama.

Abin da ya gani a masana'antar mota shi ya kawo cikin waƙa. Masu rubutawa daban, makaɗa daban, akwai wata mata Maxine Powell aikinta kawai koya wa mawaƙa yadda za su yi tafiya da zama da magana a gaban jama'a, sannan duk Juma'a ana zama a saurari sababbin waƙoƙi a tace su, wadda ba ta kai ba a mayar da ita ko ta waye. Daga gidan nan Stevie Wonder ya fito tun yana ɗan shekara 11, ga Diana Ross ga Marvin Gaye, a lokacin da baƙar fata a kudancin Amurka ko otal ɗaya ba sa kwana da farare, daga baya kuma ga Michael Jackson da 'yan uwansa.

Amma ni inda ya fi burge ni shi ne kamfanin Jobete da ya buɗe don riƙe haƙƙin mallakar waƙoƙin. A 1988 ya sayar da Motown kan dala miliyan 61 amma bai saki Jobete ba, sai a 1997 ya sayar wa kamfanin waƙa na EMI rabi kawai kan dala miliyan 132. Toh mu nan fa? Yaro zai sayar da wayarsa ya biya kuɗin situdiyo, waƙa ta fita yau, gobe ka je kasuwa ka tarar da masu turawa a waya sun jera kwamfuta a kan benci suna loda ta a memori kan kuɗi kaɗan, kowane Keke Napep yana ta kunna ta, ana rawa da ita a gidan biki, shi kuma mai waƙar ko sisi, ba takarda ba yarjejeniya, ƙarshe dole ya koma jiran ɗan siyasa lokacin kamfen. Abin yana min ciwo sosai.

Ban ce Gordy waliyyi ba ne. Makaɗansa da ake kira Funk Brothers sun shafe shekaru suna kiɗa ba a sa sunansu a jikin faifai, sai a 1971, kuma manyan marubutansa uku, Holland da Dozier da Holland, sun bar shi har aka je kotu kan rabon kuɗi. Wannan ɓangaren kada a kwaikwaya, mai kiɗan fiyano da ke kwana a situdiyo shi ma yana da iyali.

Kirana ga masu hannu da shuni na Kaduna, cikin masu gina plaza da gidan mai a samu ko mutum ɗaya ya kafa kamfanin waƙa na gaskiya, da lauya, da rajistar kowace waƙa a hukumar kare haƙƙin mallaka, a rubuta kason mawaƙi da na marubuci da na makaɗi kowa ya sa hannu tun kafin a shiga ɗaukar murya.

Naku,
Mai karatunku daga Tudun Wada, Kaduna