Waya biyu ba ta ƙara wa lasifika daɗin amo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi bayani a kan wata tambaya da masu sayen kayan sauti na gida suke yawan kawo mini shago, wato ko jona lasifika da waya biyu, ko da amfilifaya biyu, yana ƙara mata daɗin amo. Masu sayarwa suna kiran na farko bai-wayarin, na biyu kuma bai-amfin, kuma na lura sunayen kaɗai sun isa su sa mutum ya zura hannu aljihu. Na daɗe ina gyaran rediyo da amfilifaya, saboda haka abin da zan faɗa daga kan teburin aiki ya fito.

Duk wanda ya juya bayan irin waɗannan lasifiku zai ga maɗaurin waya huɗu maimakon biyu, da wasu 'yan falankan ƙarfe guda biyu da suka haɗa na sama da na ƙasa, waɗanda muke kira gada. Dalili shi ne a cikin akwatin akwai baki biyu: babba, wato wufa, mai fitar da amo mai kauri irin na ganga, da ƙarami, wato tiwita, mai fitar da siririn amo irin na sarewa. Tsakaninsu da maɗaurin akwai matata, wadda aka harhaɗa da naɗin waya da kafasito, kuma aikinta shi ne ta raba amon a wajen girgiza 2,000 zuwa 3,000 a daƙiƙa, ta ba kowane baki rabonsa. Mai jona waya biyu yana cire gadar, ya ja waya ɗaya zuwa maɗaurin sama, ɗaya zuwa na ƙasa, amma duka biyun a wuri guda suke ɗaure a bayan amfilifaya. Ashe gadar ba ta tafi ko'ina ba, ƙaura kawai ta yi daga bayan lasifika zuwa bayan amfilifaya. Matatar tana nan inda take, bakunan su ne dai na jiya, ƙarfin da amfilifaya ke bayarwa kuma bai ƙaru da ko wat ɗaya ba.

Hujjar da ake kawowa ita ce wai amo mai kauri yana danne siriri idan suka bi waya guda, kamar tirela da keke a kan siririyar hanya. Misalin yana da daɗin ji, sai dai waya ba haka take aiki ba, domin tana ɗaukar girgiza iri-iri a lokaci guda ba tare da ɗaya ta gurɓata ɗaya ba. Abin da waya ke iya yi wa amo shi ne ta ɗan tauye shi gwargwadon turjiyarta, kuma wannan lissafi ne da kowa zai iya yi. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 2.5, irin wadda masu wayarin ke sa wa soket, turjiyarta kusan om 0.007 ce a kowace mita (om shi ne ma'aunin turjiyar da abu ke yi wa lantarki). Idan tsakanin amfilifaya da lasifika mita 3 ne, zuwa da dawowa mita 6 ke nan, wato kusan om 0.04, alhali lasifikar kanta om 8 aka rubuta a bayanta. Kashi ɗaya ke nan cikin 200, asarar da ba ta kai desibel 0.05 ba (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin amo), ga shi kuwa kunnen yawancin mutane da ƙyar yake lura da canjin desibel 1. Wanda ya sayi waya ta biyu yana ƙoƙarin gyara wani ɗan ɓangare ne na abin da tun farko ba ya jin sa.

To me ya sa mutane masu gaskiya suke rantsuwa sun ji bambanci? Wani maƙwabcina, dattijo mai son sauraren karatun Alƙur'ani da waƙoƙin da, ya sayo lasifiku masu kyau, mai shagon kuma ya haɗa shi da waya ta biyu mai kauri kamar igiyar rijiya. Da ya jona, sai ya aiko a kira ni in zo in ji yadda murya ta washe. Na ce masa, “Alhaji, ka yi haƙuri mu gwada wani abu.” Muka zaunar da shi a kujerarsa, muka rataya zanen gado tsakaninsa da kayan, ɗansa yana sauya jonin yana rubutawa a takarda, ni kuma ina tabbatar da ba a taɓa maɓallin ƙara murya ba. Sau goma aka sauya, ya canka biyar, ya kuskure biyar, daidai da wanda ya yi ƙuri'a da kwabo. Amma ban ƙaryata jinsa na farko ba, domin da na ɗauki gadojin da ya cire na duba, sai na tarar sun yi dusu-dusu, ɗaya ma da alama ba a taɓa ɗaure ta tamau ba. Duk wanda ya kwance tsohon joni ya ɗaura sabo ya goge datti ya kuma matse noti, kuma wannan kaɗai yana iya gyara amo. Sauran kuwa aikin zuciya ne, don wanda ya kashe kuɗi kunnensa yakan taya shi.

Batun amfilifaya biyu ya fi wannan nauyi, kuma ya kamata a raba shi gida biyu. Akwai wanda ake yi a falo, inda ake cire gada a ba wufa amfilifaya ɗaya, tiwita ɗaya, matatar cikin akwati tana nan. A nan kuskuren da aka fi yi shi ne a ce wat 100 da wat 100 sun zama wat 200. Ba su zama ba, domin mafi yawan ƙarfin waƙa wufa ce ke shan sa, ita kuwa har yanzu wat 100 ɗin nan take samu, amfilifaya ta biyu tana can tana hidimar tiwita da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ko da a ce ƙarfin ya ninka da gaske, ƙarin desibel 3 ne kacal, sai an ninka shi sau goma kafin kunne ya ji kamar murya ta ninka. Rasibobin sinimar gida, wato amfilifayoyi masu tashoshi barkatai, irin na Yamaha da Denon da yawa suna ba da damar a juya tashoshi biyu da ba a amfani da su zuwa wannan aiki, amma duk tashoshin daga taransifoma guda suke sha. Ban ce babu amfani ko kaɗan ba, tun da kowace tasha nauyinta yana ɗan raguwa, sai dai ban ga ribar da ta kai kuɗin sayen na'ura ta biyu ba.

Gida na biyu shi ne na gaske, kuma shi ya jawo wa abin suna. A nan ana raba amon tun kafin ya shiga amfilifaya, da matata mai aiki da lantarki, sannan kowace amfilifaya ta tafi kai tsaye zuwa bakinta, babu naɗin waya a tsakani da zai ci ƙarfi ya mai da shi zafi. Idan amfilifayar wufa ta ƙure ta fara kakari, kakarin ba ya isa tiwita balle ya ƙona ta. Irin matatar da aka fi amfani da ita tana ɗauke da sunan injiniyoyi biyu, Linkwitz da Riley, kuma tun 1976 aka wallafa bayaninta. Haka lasifikun ɗakunan ɗaukar murya suke, da amfilifayoyinsu a ciki, haka kuma masu manyan kayan sauti na taro suke harhaɗa nasu. Sai dai wannan ba aikin cire gada ba ne kawai, dole a buɗe akwati a tsallake tsohuwar matata a sake auna komai, abin da ba zan ba mai lasifikar falo shawarar ya yi ba.

Da za a tambaye ni inda kuɗin zai fi amfani, zan ce a fara da tabbatar da cewa wayar da ake da ita jan ƙarfe ce zalla, domin kasuwa cike take da alminiyom da aka yi wa rufin jan ƙarfe, wanda turjiyarsa ta fi da fiye da rabi. A kankare bakin wayar da reza, in ta yi fari an san abin da aka saya. Daga nan a janye lasifika daga lungu da jikin bango, a shimfiɗa darduma a kan tayil, a saki labule, domin waɗannan suna sauya amo da desibel masu yawa. Abin da muka yi a falon Alhaji ke nan, muka mayar da gadojin bayan mun goge su, kuma a wannan karon ba sai da zanen gado ba.

Ga wanda duk da haka yake son gwada amfilifaya biyu, ina jan kunnensa ya cire gadojin kafin ya kunna wuta, domin idan ya bar su ya haɗa bakin amfilifaya biyu ke nan kai tsaye, kuma irin waɗannan sun sha zuwa teburina suna warin ƙuna.

Wassalam.

Naka,
Wani mai gyaran kayan sauti,
Kaduna.