Tseren da ba ya ƙarewa sai mutum ɗaya ya rage

Jidda, Saudiyya

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya iyali, yaya jikin Baba? Mu nan lafiya lau, zafi ya fara sassautawa, shi ya sa ma ƙafa ta koma aiki.

Wata gardama ce ta kawo ni gare ka, tunda ka daɗe kana riƙe da littafin maki na gasar ƙwallon unguwarku. Mu 'yan Hausawan nan da muke haɗuwa gudu a bakin teku bayan sallar isha'i mun ɗauko wani salon tsere daga Amurka, ga shi yanzu lissafinsa yana nema ya raba kanmu.

Wani dattijo ne mai suna Gary Cantrell, wanda aka fi sani da Lazarus Lake, ya fara shi a 2011 a gonarsa da ke Bell Buckle a jihar Tennessee. Zagaye ɗaya kilomita 6.7 ne, kuma awa guda ake ba mutum ya gama. An tsara shi ne yadda zagaye 24 zai ba da mil 100 cif a kwana ɗaya. In kana son ka ƙiyasta tsawonsa, ka ɗauka sa'ayi biyu ne tsakanin Safa da Marwa, da ɗan ɗoriya. Wanda ya dawo a minti 50, goman da suka rage nasa ne, ya ci abinci, ya canja safa, ya kama ruwa, ko ya runtsa. Saura minti uku a busa usur sau uku, saura biyu a busa sau biyu, saura ɗaya sau ɗaya, sannan ƙararrawa. Duk wanda ba ya kan layi a lokacin, ya fita. Haka za a yi ta yi dare da rana har a bar mutum ɗaya, shi ma sai ya ƙara zagaye guda shi kaɗai kafin a ce ya ci. Sauran kuwa, komai nisan da suka yi, "bai gama ba" ake rubuta musu.

Na san za ka ce ai wannan tafiyar sauri ce kawai. Zagayen farko haka ne, har da hira da dariya. Barci ne yake kayar da mutane, da ciki in ya ƙi karɓar abinci, da kujerar nan da mutum zai zauna a kai ya ji ba ya son tashi. A 2023 wani malamin makaranta ɗan Amurka, Harvey Lewis, ya yi zagaye 108, wato kwana huɗu da rabi. A 2025 Phil Gore na Ostareliya ya kai 119, kusan kilomita 800. Kuma da yake sauri ba shi ne abin ba, mata suna karawa da maza a layi ɗaya: Maggie Guterl ce ta cinye gasar ta Tennessee a 2019 da zagaye 60.

Namu bai kai ko ƙafar wannan ba. Daren Juma'a muke yi, saboda Asabar yawancinmu ba aiki, kuma mun yarda asuba tana yi a tsaya. In gari ya yi zafi sai mu hau Ɗa'if, inda akwai sanyi da hanyar duwatsu. Sai aka ce a mayar da abin gasa ta kakar sanyi gaba ɗaya, a tara maki, a fitar da gwani a ƙarshe. Nan aka watse.

Wasu suka ce a bi tsarin tseren motocin nan na Formula 1 da aka fara kawowa Jidda a 2021: na ɗaya 25, na biyu 18, na uku 15, har zuwa na goma mai maki ɗaya. Ni ban yarda ba. A wannan tseren babu na biyu da na uku, kuma mutum biyar suna iya ajiyewa a zagaye ɗaya, to wa za ka ɗora a kan wa? Ra'ayina shi ne a ƙirga zagaye, kowane zagaye maki ɗaya. Haka ake yi a gasar ƙasashe ta wannan tsere: kowace ƙasa ta fitar da mutum 15, a haɗa zagayensu duka, har na wanda ya fara gajiya yana da amfani.

Amma fa nawa tsarin ma yana da rami, kuma wani yaro a cikinmu ne ya tono shi. Gwani ba ya iya wuce abokin karawarsa sai da zagaye ɗaya tak. In ranar ragwaye ya samu, suka zube da wuri, dole shi ma ya tsaya, ko da bai fara gumi ba. Gore bai kai 119 ba sai don Sam Harvey na New Zealand ya raka shi har 118. Shi ya sa a can ake kiran wanda ya faɗi a ƙarshe mataimaki, kuma ana girmama shi ƙwarai. To ka ga makin mutum bai rataya a ƙafarsa kaɗai ba, ya danganta da wanda Allah ya haɗa shi da shi a daren. A 2024 ma 'yan Beljiyam uku sun kai 110 suka tsaya tare, aka tashi babu wanda ya ci a tsakaninsu.

Ga kuma maganar zuwa. Cikinmu akwai direbobi da masu aikin otal, waɗanda in masu umara suka yi yawa ba a ganinsu. In aka tara makin kowane dare, wanda ya fi samun sarari shi zai ci, ko da ba shi ya fi juriya ba. Na kawo shawarar a ɗauki darare huɗu da mutum ya fi ƙoƙari a zubar da sauran, a ƙara wa wanda ya rage maki uku, mataimakinsa ɗaya. Aka ce wai na ari lissafin ƙwallo. Eh, na ara, laifi ne?

Abin da nake so ka duba mini: ƙarin ukun nan ya isa ya biya wanda aka tsayar da wuri, ko ya yi kaɗan? Kuma in biyu suka yi kunnen doki a ƙarshen kaka, da me kuke raba su a can? Ka aiko da amsa kafin zamanmu na gaba, don na riga na ce musu ina da alƙali a Kano.

Ka gaida Hajiya da yara, da mutanen majalisa baki ɗaya.

Naka,
amininka na Jidda