Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan batirin sabuwar kyamararsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, mahaifiyarka ta shaida mini cewa ka sayi kyamarar nan da ka daɗe kana tara kuɗinta, wato Sony a7 IV. Allah Ya sanya albarka, Ya sa ta zama hanyar cin halal. Ta kuma ce kuɗin da ya rage kana so ka haɗa ka sayi sabon gilashi, wato lens ɗin da ake ɗaurawa a gaban kyamara. Shawarata ita ce ka dakata da maganar gilashi tukuna, ka fara sayen batir na biyu da caja ta ƙwarai, domin mai bikin da ya ɗauke ka aiki zai yi haƙuri da hoton da bai kai yadda ka so ba, amma ba zai yafe maka ba idan kyamara ta mutu ana tsakiyar ɗaurin aure.

Wannan kyamara ba ta da madubi a cikinta, kuma a nan bambancin yake. A irin waɗanda ka koyi aiki da su, madubi ne ke karkato haske zuwa idonka, saboda haka leƙawa ba ta cin wuta. A taka kuwa, muddin tana kunne, sensar ciki, wato abin da ke karɓar haske ya mai da shi hoto, tana aiki ba hutawa domin ta nuna maka hoto a allon baya ko a ƙaramin allon leƙe da ake kai ido a kai. A gwajin CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamarori ta Japan, a7 IV tana ɗaukar hoto kusan 580 da caji ɗaya idan da allon baya ake aiki, da allon leƙe kuwa 520, alhali Nikon D850 mai madubi tana kai wa 1,840. Kada ka riƙe waɗannan alƙaluma a matsayin alkawari, domin abin da ke shanye batirin shi ne tsawon lokacin da take a kunne, ba yawan danna maɓalli ba. Awa guda da za ka yi tsaye a wajen kamu kana jiran a fito da amarya, kyamara a kunne a wuyanka, za ta iya cin wutar da ɗaruruwan hotuna a jere ba su ci ba. Bidiyo kuma ya fi komai ci.

Batirin kyamararka sunansa NP-FZ100, ƙarfinsa 2,280 mAh, kuma Sony ta fito da shi a 2017 tare da kyamarar a9. Akwai ƙaramin da ya riga shi, NP-FW50, wanda bai kai rabin ƙarfin wannan ba, kuma ba ya shiga taka, don haka ka karanta lambar da idonka kafin ka biya. A kasuwa za ka tarar da iri uku. Akwai na asali, akwai na wasu kamfanoni da suka rubuta sunansu a fili suna sayarwa da rahusa, sannan akwai jabu wanda aka buga wa sunan Sony. Na tsakiyan ban hana ka ba idan aljihu bai kai na asali ba, matuƙar ka ajiye shi a matsayin na ko-ta-kwana, ka kuma san cewa kyamara na iya nuna maka gargaɗi idan ka saka shi. Jabun ne nake tsoro, domin wanda ya yi ƙarya a kan suna ba zai yi gaskiya a kan abin da ya zuba a ciki ba, kuma abu na farko da ake tsuke wa hannu shi ne ɗan allon lantarki na cikinsa da ke kare batir daga wuce kima wajen caji da zafi. Irinsa ne ke nuna saura kashi 30 sannan ya ɗauke farat ɗaya, idan kuwa kana cikin naɗar bidiyo, abin da ka ɗauka na iya lalacewa.

Idan ka ga an rubuta ƙarfin da ya zarce na asali nesa ba kusa ba a jikin batir mai girma ɗaya da shi, ka ajiye musu kayansu. Ka tafi shago da wanda ya zo cikin kwalin kyamara, ka jera su, ka dubi kaurin rubutu da tsabtar bakin ƙarfen. Na asali nauyinsa kusan giram 83 ne, kuma duk mai sayar da zinare zai ɗora maka a ma'auninsa cikin minti guda. Jabu sau da yawa ya fi sauƙi a hannu. Ka karɓi rasiti.

Sai maganar caji. Na tabbata ka lura babu caja ta daban a kwalin, wayar USB aka ba ka ka riƙa caji a cikin kyamara. Wannan yana ɗaure maka kyamarar, domin ba ta cika batir sai tana kashe, ga kuma yawan soka waya da zarewa yana kwance bakin USB, wanda gyaransa ya fi caja tsada. Cajar Sony ta wannan batir ita ce BC-QZ1, tana cika shi cikin kusan awa biyu da rabi. Da ita, ɗaya yana kan caji ɗaya yana aiki. Idan za ka sayi pawa bank, ka nemi mai alamar PD tare da wayar USB-C mai kyau, don shi ne ke ba da wutar da kyamarar ke buƙata.

Cajojin nan suna karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, saboda haka raguwar wuta ba ta cika damunsu ba. Abin da ke ƙona su shi ne tsallen da wuta ke yi lokacin da aka maido da ita, ko lokacin tayar da janareta da kashe shi. Idan an ɗauke wuta ka zare caja daga soket, kada ka mayar sai ta zauna. Inda babu sai ƙaramin janareta, gara ka cika pawa bank, sannan ka ba kyamara daga gare shi, in ma wani abu ya ƙone, mai araha ne ya ƙone.

Zafi ne babban abokin gabar batirin litiyam, kuma mu nan ba a gaya mana zafi. Sony ta ba da shawarar a yi caji a yanayin da ke tsakanin digiri 10 da 30, alhali a watan Afrilu garinmu yana haura 40 da rana. Saboda haka ka mai da cajinka na dare ko na bayan asuba, a kan daɓen siminti inda iska ke ratsawa, ba a kan katifa ko cikin jaka ba. Batirin da ka ciro da ɗumi bayan dogon bidiyo, ka bar shi ya huce kafin ka ɗora shi a caja. Kada ka bar jakar kyamara a motar da aka rufe a rana, ko da sallar azahar kawai za ka shiga. Ka kuma kammala caji tun daren jajibere, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wataƙila wani zai ce maka sai batir ya mutu murus ake sa shi a caji. Wannan dokar batiran nikel ce na zamaninmu, litiyam kuwa yawan kai shi ƙarshe gajiyar da shi yake yi. Idan ya sauko kashi 20 ka canza. Idan kuma za ka yi makonni ba aiki, kamar cikin azumi da bukukuwa ke ja baya, ka cire shi daga kyamara ka ajiye shi da kusan rabin caji.

Ka rubuta lamba a jikin kowane batir, ka riƙa juya su. Kada ka jefa batir a aljihu tare da makullai, domin ƙarfe na iya haɗa bakinsa. Duk wanda ka ji ya fara cijewa wajen shiga ko fita, ka ɗora shi a kan tebur mai santsi ka juya shi da yatsa. Idan ya yi ta juyi, cikinsa ya kumbura, aikinsa ya ƙare, kuma kada ya shiga bolar da ake cinna wa wuta. Idan aiki ya kai ka hawa jirgin sama, batiran ajiya a jakar hannu ake ɗauka, ba a akwatin da ake aunawa ba. Iyakar da aka sa ba tare da neman izini ba ita ce 100 Wh, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa, naka kuwa 16.4 ne.

Na ba ƙanenka gudummawata ta kuɗin caja ya tura maka. Mahaifiyarka da sauran mutanen gida suna gaishe ka.

Wassalam,
Mahaifinka.