Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga Membobin Ƙungiyarmu ta Hausawa Mazauna Toronto da Kewaye

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Iyayenmu dattawa, malamanmu, iyaye mata da matasa, muna gode wa Allah da ya nuna mana ƙarshen wannan shekara muna tare. Ga bayanin abin da kwamitin zartarwa ya gudanar a madadinku. Lissafin kuɗin shiga da na fita yana cikin rahoton ma'aji, wanda za a raba dabam a ranar taro.

Ayyukanmu na yau da kullum sun tafi yadda aka saba. An yi buɗa-baki na haɗin gwiwa a watan azumi, an yi walimar Ƙaramar Sallah a watan Afrilu da ta Babbar Sallah a watan Yuni, ajin koyar da yara Hausa na ranar Asabar bai tsaya ba sai lokacin hutu. Mun yi rashe-rashe a nan da gida, kwamitin walwala kuma ya tsaya wa iyalan mamatan. Allah ya jiƙansu. A watan Satumba, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, kun ba da gudummawa ba tare da an yi ta roƙo ba, musamman ɓangaren mata, kuma an isar da ita. Allah ya saka da alheri.

Abin da ya fi cin lokacin kwamiti a bana shi ne batun jirgin ƙasa, kuma ya kamata ku ji dalilin da ƙungiyar zumunci ta shiga maganar da wasu ke gani ta injiniyoyi ce. Da yawa daga cikinmu suna zaune a Mount Dennis da Weston da kan titin Jane, mafi yawansu kuma da bas suke zuwa aiki, wasu har filin jirgin sama na Pearson da ɗakunan ajiyar kaya na Mississauga. Layin jirgin titin Eglinton da ake ƙarawa daga Mount Dennis zuwa Renforth, mai tsawon kilomita 9.2 da tashoshi bakwai, ta ƙofar gidajensu zai bi. Yana cikin manyan ayyuka huɗu da gwamnatin Firimiyan lardin Ontario Doug Ford ta sanar a watan Afrilun 2019, a lokacin an ƙiyasta masa dala biliyan 4.7. Hukumar Metrolinx ta lardin Ontario ce ke gina shi. Mafi yawansa ƙarƙashin ƙasa zai bi, kuma injinan haƙa guda biyu sun kammala ramin da ya taso daga Renforth zuwa kusa da titin Scarlett a wannan shekara. Amma daga nan zuwa gabashin titin Jane, kimanin kilomita ɗaya da rabi, jirgin zai fito ya hau gada, ya tsallake kogin Humber, ya ratsa gefen filayen shaƙatawa na Eglinton Flats. Tashoshin Scarlett da Jane a sama za su kasance. A kan wannan ɗan guntun ne aka shafe shekaru ana ja-in-ja.

Mun shirya zama na musamman a kan batun bayan Ƙaramar Sallah, inda matasanmu masu karatun injiniya da tsara birane suka fassara mana takardun aikin. Hujjar hukuma ita ce wurin fadama ne. A watan Oktoban 1954 guguwar Hazel ta sa Humber ya yi ambaliya, mutum 81 suka rasu a yankin, titin Raymore da ke kusa da Weston ya fi ko'ina asarar rayuka. Bayan nan ne aka hana gina gidaje a bakin kogin, aka mayar da filayen wuraren shaƙatawa. Wato filayen da yaranmu ke buga ƙwallo a cikinsu, an bar su ne domin ruwa ya samu inda zai kwanta. Idan za a bi ta ƙasa, sai an nutsa sosai a wuce ƙarƙashin kogin, tashoshi su yi zurfi, kuɗi da lokaci su ƙaru, kuma a ci gaba da fargabar ruwa ya shiga rami. Matasan sun tuna mana cewa tsohon layin Bloor ma a kan gada yake tsallake wannan kogi a tashar Old Mill.

Waɗanda ke son a binne layin, ciki har da maƙwabtanmu da suka kafa ƙungiyar kare filayen da kuma matasan 'yan asalin ƙasar nan masu wurin ibada da koyar da al'ada a bakin kogin, ba su ce ruwa ƙarya ba ne. Cewa suka yi ana haƙa rami ƙarƙashin koguna a birane da yawa, Landan ma ta yi a ƙarƙashin Thames. Sai suka kawo tambayar da ta fi tsaya wa membobinmu a rai. A Etobicoke, yankin da ke yamma da kogin, titin Eglinton yana da faɗi, domin an taɓa ware filin gina babbar hanyar mota a gefensa da ba a gina ba, har tsarin farko na birni ya ce jirgin ya bi saman titi. Duk da haka can aka kashe kuɗin haƙa rami. Da aka iso Mount Dennis, unguwar masu ƙaramin ƙarfi da baƙi, inda mutanen da ke zaune a benaye ba su da tsakar gida sai waɗannan filaye, nan aka sare bishiyoyi za a kafa ginshiƙai.

Zaman ya yi zafi, kuma ba mu fito da baki ɗaya ba. Masu aikin dare da masu fita da asuba sun ce su dai a gama, ko ta sama ko ta ƙasa, domin babban layin Eglinton da aka fara tun 2011 aka ce zai buɗe a 2020 har shekarar 2024 ta ƙare bai ɗauki fasinja ba. Iyaye mata sun fi damuwa da inuwa da wurin wasan yara da kuma yadda ƙarƙashin gada zai kasance da daddare. 'Yan'uwanmu na Scarborough sun kawo nasu darasin: tsohon jirgin ƙasansu mai bi ta kan gada ya kauce daga layi a ranar 24 ga Yulin 2023 aka rufe shi gaba ɗaya, yanzu bas suke hawa suna jiran jirgin ƙarƙashin ƙasa mai tasha uku da zai ɗauki shekaru kafin ya iso, bayan an daɗe ana sauya tsari tsakanin 'yan siyasa. Na Thorncliffe Park kuma suka ba da labarin yadda wani sabon layin jirgi mai suna layin Ontario zai bi unguwarsu ta sama, da yadda aka zaɓi wurin ajiye jirage a inda masallaci da shagunan halal suke, a 2021.

Sai ga ruwan 16 ga Yulin 2024. Kusan milimita 100 aka auna a Pearson a yini guda, babbar hanyar Don Valley ta cika, ruwa ya shiga babbar tashar jirgin ƙasa ta Union, gidajen da ke kusa da rafin Black Creek suka sha ruwa. Wasu membobinmu da ke haya a ɗakunan ƙarƙashin gida sun yi asarar kaya, matasa suka taya su kwashewa, asusun walwala ya tallafa. Bayan wannan rana, wasu da suka ɗauki maganar fadama a matsayin uzuri kawai sun sassauta.

Matsayar da kwamiti ya ɗauka ita ce: hujjar ruwa tana da ƙarfi, kuma ba mu ga alamar za a janye gadar ba tunda an ba da kwangilarta tun ƙarshen 2023. Ba za mu ɓata ƙarfinmu a kan abin da ya riga ya wuce ba. Amma muna ganin ƙorafin maƙwabtanmu gaskiya ne, domin rashin daidaiton da suka nuna a fili yake, kuma unguwar da ta ɗauki nauyin gadar ta cancanci a biya ta da abin da ido zai gani. A kan haka muka rubuta wa kansilar mazaɓar York South–Weston da ɗan majalisar lardi na yankin. Mun nemi bishiyoyin da za a dasa a madadin waɗanda aka sare su kasance a cikin unguwar, ba a wani gari ba. A sa fitilu masu kyau da hanyar ƙafa a ƙarƙashin gadar. A rage ƙara kusa da benaye. Tashoshin sama su samu na'urar hawa da tsofaffi da masu keken jarirai za su dogara da ita a lokacin ƙanƙara. A kuma ba matasan unguwa gurbin koyon sana'a a wurin aikin. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi damunmu, domin muna da samari masu ƙarfi da ke wucewa ta gefen shingen aikin kullum suna neman abin yi.

Wani abu da ya riga ya shiga aljihunku shi ne tsarin biyan kuɗin mota sau ɗaya da ya fara a ranar 26 ga Fabrairu, wanda ya sa mai sauyawa daga motocin TTC, hukumar sufurin birnin Toronto, zuwa na Mississauga ko Brampton ko York ko Durham ba ya biya sau biyu, mai haɗawa da jirgin GO mai zuwa garuruwan kewaye kuma ba ya biyan kuɗin TTC. Mun yi bayaninsa da Hausa a saƙon murya, har yanzu kuma muna samun waɗanda ba su san da shi ba. Ku taimaka ku sanar da sababbin zuwa.

A shekara mai kamawa za mu ci gaba da tura wakilai tarukan jin ra'ayin jama'a, kuma muna neman mata biyu ko uku daga Mount Dennis da Weston su shiga ƙaramin kwamitin sufuri, tunda su suka fi sanin filayen nan da tashoshin bas. Mai sha'awa ya ba da sunansa a babban taron watan Janairu, inda za a kuma karanta rahoton ma'aji. Waɗanda ake bi kuɗin wata su daure su biya kafin ranar.

Wassalamu alaikum.
Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa